Zoben da Saje Ya Juya

Ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, Mijinyawa yana kwance rub da ciki a hawa na shida na wani gini da ba a gama ba, can cikin Dubai Investments Park. Simintin da ke ƙarƙashinsa ya yi zafin da zai gasa gurasa. A watan Yuli ba a barin leburori su yi aiki a waje da tsakar rana, saboda haka tun sha biyu da rabi motoci suka kwashe su zuwa inuwa. Gini ya zama kango. Titin da ke ƙasa ma fayau, ko kyanwa ba ta gittawa.

Wayar da ke maƙale a kunnensa ta yi magana.

"Baba Saje, kana ji na?" Hafiz ne, ogan tafiyar.

"Ina ji."

"Motar ta fito daga kamfani. Minti bakwai. Taya kawai, ka gane? Ta gaba, ɓangaren direba. Sauran aikin namu ne."

"Na ce maka na ji."

"Yalla. Kar ka ba mu kunya, tsoho."

Mijinyawa ya share gumi da hannun riga, ya kwantar da kuncinsa a kan bindigar. Direban motar da ake jira ba baƙonsa ba ne. Nafiou ne, mutumin da ke kwana a gadon sama da nasa. Duk abin da ya kawo shi saman ginin nan, a yadda yake faɗa wa kansa, shi ne Nafiou ya koma gida da ransa.

Shekara goma sha tara Mijinyawa ya yi a soja har ya kai saje, goma sha ɗaya daga ciki yana maharbin nesa. Bindigarsa ta wancan zamani madubinta kafaffe ne, yana kusanto da abu sau goma, ba ragi ba ƙari. A cikinsa akwai layi biyu da suka gitta juna, da ɗige-ɗige a jikinsu. Harsashi in ya yi nisa sunkuyawa yake yi, don haka maharbi yakan auna nisan, ya ɗora ɗigo na biyu ko na uku a kan abin da yake so, ya danna. Ɗigon nan ba ya canja magana. Abin da ya faɗa maka jiya shi zai faɗa maka gobe. Kuma a sau goma, daga nesa, mutum ba ya da fuska. Riga ce da wando da inuwa. Mijinyawa bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan ne ya sa yake iya barci.

Bayan ya ajiye kaki duniya ta wuce shi. Sojoji suka koma madubi mai zobe, wanda ake juyawa a kusanto da abu ko a nisanta shi yadda aka ga dama. Shi a waya kawai yake ganinsu, yana taɓe baki kamar tsohon tela da aka nuna wa keken lantarki.

Dubai ya zo gadi. Shekara huɗu yana buɗe ƙofa yana rufewa, sannan kamfanin ya rushe, bizarsa ta mutu, ya kwana tara a bayan wani masallaci a Deira. Nan Nafiou ya tsince shi. Ɗan Maraɗi ne, siriri, mai yawan dariya, direba a wani ƙaramin kamfanin tace zinariya. Ya kai shi ɗakinsu na Hor Al Anz, mai gado takwas, ya sauka daga gadon ƙasa ya bar masa saboda ciwon gwiwarsa.

"Kwanta nan, Saje. Ni ɗan biri ne, hawa ba ya yi mini wuya."

Da yamma Nafiou yakan dafa shayi irin nasu, kofi uku, yana zuba yana surutu. Cikin surutun ne ya faɗi cewa duk Talata yakan ɗauki zinariya a farar mota irin ta masu kai burodi, shi da mai gadi ɗaya da ba ya riƙe ko sanda.

"Ba ka tsoro?" in ji Mijinyawa.

"Tsoron me, mon frère, ɗan'uwana? Nan Dubai ce. Ka bar waya a kan benci, gobe ka dawo ka tarar an yi maka cajinta."

Baki shi ke yanka wuya. Mijinyawa ya maimaita labarin nan a wani gidan abinci, don kawai a yi dariya, a ga shi ma ya san manya. Hafiz yana teburin.

Hafiz ɗan kago ne, mai tura kaya ƙasashen waje, a International City, mai turare da agogo da maganar zuma. Kwana uku bayan haka ya ɗauki Mijinyawa a mota ya kai shi wani sito. Can suka tarar da Kamal, wani ƙaton saurayi mai jan ido da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Hafiz ya buɗe wani akwati daga cikin kwantenar kayan gyaran mota da ke kan hanyarta ta zuwa wata ƙasa. Ya yaye bargo, sai ga bindiga.

Mijinyawa bai san lokacin da hannunsa ya kai ba.

"Ka gani?" Hafiz ya yi murmushi. "Jini ba ya ƙarya. Wannan irin ta sojojin yanzu ce, Baba Saje. Dubi madubin. Daga shida har ashirin da huɗu. Ka murɗa zoben nan, ka ƙirga gashin hancin mutum."

"Kayan wasan yara," in ji Mijinyawa. "Mu namu ba ya motsi. Duk abin da ke juyawa wata rana zai juya maka baya."

"Shi ya sa aka sallame ku, habibi. Zamani riga ne."

Kamal ya ƙyalƙyale da dariya. Mijinyawa bai yi ba, amma bai ajiye bindigar ba. Gaskiyar da ba ya so a faɗa ita ce, shekara shida rabon da wani ya dube shi a matsayin wanda ya iya wani abu.

Da Hafiz ya faɗi aikin, sai ya ajiye ta da sauri.

"Nafiou? A'a. Wallahi a'a. Yaron nan shi ya ɗauke ni daga titi."

"To saurara." Hafiz ya daina murmushi. "Harkar nan za a yi ta, da kai ko ba kai. In ba kai, Kamal zai tare motar da fistol. Ka dube shi da kyau. Ka ga alamar wanda zai yi sallama kafin ya danna?"

"Ni ba na dogon turanci, oga," in ji Kamal. "Ya yi gardama, khalas, shi ke nan."

"In da kai kuwa, taya ɗaya daga nesa. Mota ta zauna, mu kwashe, mu wuce. Abokinka ko ƙwarzane ba zai samu ba. Kai ne inshorarsa, Baba Saje."

Da Mijinyawa mai hankali ne, da daga sito ofishin 'yan sanda ya nufa. Amma mai matacciyar biza ba ya son ƙofar hukuma, kuma tsohon maharbi ya fi yarda da yatsarsa a kan kowa. Ya ce sai ya gwada. Suka fita sahara wata Juma'a da hantsi, suka kafa tsohuwar taya a taku ɗari biyar. Zoben yana ƙarshe, kan ashirin da huɗu, inda Hafiz ya bar shi. Mijinyawa ya gyara saiti, ya ɗora ɗigo na uku. Harbi uku, huda uku, duk tafin hannu ɗaya zai rufe su.

"Shege tsoho," in ji Kamal, da girmamawa a muryarsa.

Wannan yabon ne ya ƙarasa shi.

Yanzu ga shi a saman gini, ga farar mota ta ɓullo daga kwana. Tana tafe a hankali. A gabanta akwai tudun rage gudu, inda dole ta kusan tsayawa. Daga nan zuwa inda yake taku ɗari biyar ne cif, sau biyu ya auna.

Ya sa ido a madubi.

Bai ga taya ba. Nafiou ya gani.

Ya gan shi kamar suna zaune a kan tabarma ɗaya. Ga asuwaki a gefen bakinsa. Ga gumi a saman leɓensa. Ga inda reza ta yanke shi a haɓa da safe, lokacin da yake aski yana tsokanar Mijinyawa kan minshari. Yana kaɗa kai yana bin wata waƙa, yana duban mai gadin da ke gefensa, wani ɗan Nepal, yana dariya.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, bai taɓa ganin haƙoran mutum a madubi ba. Gicciyen layukan madubin ya fara rawa. Ya saukar da shi kan taya, amma kan ashirin da huɗu ko numfashi ya yi sai hoton ya yi tsalle ya koma kan fuskar. Taya, fuska. Taya, fuska.

"Saje, ta iso," in ji Hafiz a kunnensa. "Me kake jira?"

Ba zai iya ba yana ganinsa. Ya miƙa hannun hagu ya kama zoben, ya murɗa baya. Ashirin. Sha shida. Sha biyu. Motar ta ja da baya, ta ƙanƙance. Fuskar ta narke, ta koma inuwa a bayan gilashi, irin inuwar da ya saba da ita. Numfashinsa ya daidaita. Hannunsa ya tsaya cak kamar na da.

Motar ta hau tudun. Ya ɗora ɗigo na uku a kan tayar gaba. Ya danna.

Tau!

Tayar ba ta motsa ba. Gilashin ƙofar direba ne ya tarwatse.

Motar ta yi wani irin tsalle, ta karkace, ta hau dakalin titi, ta daki turken fitila — gwaram! Ƙaho ya kama kuka bai daina ba.

"Me ka yi?" Hafiz ya yi ihu. "Taya na ce maka! Kamal, yalla, yalla — buɗe bayan!"

Baƙar mota ta fito daga bayan wani sito da gudu, ta ci birki. Kamal ya diro da ƙarfen ɓalle ƙofa. Bugu biyu, ƙofar baya ta buɗe. Akwati ɗaya — biyu — uku. Mai gadi ya faɗo ta ɗaya ƙofar, hannuwansa a sama, yana kuka da yarensu. Kafin ya faɗo ya riga ya danna maɓallin da ke ƙarƙashin kujera, su kuwa ba su sani ba.

A ɗakin sa ido na 'yan sanda wata fitila ta kama. Jami'in da ke bakin aiki ya ajiye kofinsa, ya jawo hoton titin a allo. Ya ga farar mota a jikin turke, ya ga baƙa tana barin wurin. Ya karanta lambarta a rediyo, a natse, kamar mai karanta jerin kayan cefane. Daga wannan minti duk fitilar hanya da baƙar motar ta wuce sai ta ba da labarinta.

Mijinyawa yana nan kwance, bakinsa a buɗe. Shirin shi ne ya bar bindigar, ya sauka ta bayan gini, su ɗauke shi a bakin shinge.

"Hafiz. Hafiz, yana motsi? Ka duba mini shi."

"Ban tsaya gaisuwa ba."

"Ka zo ka ɗauke mu, mu kai shi asibiti. Don girman Allah."

Sai ya ji muryar Kamal daga nesa: "Oga, shingen ne nan, in tsaya?"

"Wuce," in ji Hafiz. Sannan ya dawo kan wayar, muryarsa a sanyaye. "Baba Saje, mu fashi muka zo. Kisa kai ka yi. Kowa ya ɗauki kayansa."

Layin ya mutu.

Hawa shida ya sauka da gurguwar gwiwa, yana dafa bango. A ƙasa hanya biyu ce: bayan gini, inda rairayi ya miƙe har wani titin, ko gaba, inda ƙaho ke kuka. Bai tsaya zaɓe ba. Taku ɗari biyar ɗin da harsashi ya ci cikin ƙiftawar ido, shi sai da ya faɗi sau biyu kafin ya cinye su. Kwalta ta sale masa tafin hannu.

Ya fizge ƙofar. Nafiou ya zame ya faɗo a ƙirjinsa, ƙahon ya yi shiru. Jini ya jiƙa rigar tun daga kafaɗa har cinya. Idonsa a buɗe yake, yana neman abin da zai kama.

"Saje?" Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kai ne? Me ya kawo ka nan?"

Mijinyawa ya danna hannu a kan ramin, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa.

"Yi shiru. Yi salati."

"Allah ne ya jefo ka." Numfashinsa yana yankewa. "Ɓarayi ne, mon frère. Suna da bindiga. Ka tafi... ba ka da takardu. In 'yan sanda suka zo za su kama ka a banza."

"Nafiou, ni ne..."

"Na sani kai ne. Tafi mana."

Bai ƙara magana ba. Leɓensa ya ɗan motsa da kalmar shahada, Mijinyawa yana tayawa, har ya lura shi kaɗai yake yi. Haka motocin 'yan sanda suka same shi, zaune a kwalta da gawa a cinya. Da suka ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Da suka tambaye shi wane ne shi, ya nuna musu hawa na shida.

Sauran ba su yi nisa ba. Hafiz ya sa aka tsaya a wani gidan mai, ya aiki Kamal sayen ruwa, ya ja mota ya bar shi da gora biyu a hannu. Nan aka kama Kamal, kuma kafin a rufe ƙofar mota ya faɗi sunan kowa da lambar ɗakinsa. Hafiz ya kai International City, yana juye akwatuna a wata motar a ƙarƙashin bene, sai ya ɗaga kai ya ga 'yan sanda sun riga shi isowa. Kafin la'asar zinariya ta koma hannun masu ita, ko ƙwaya ba ta ɓace ba. A bayaninsa na farko Hafiz ya rantse cewa duk shirin na tsohon soja ne, shi direba kawai aka ɗauke shi.

Kwana biyu bayan haka aka shigar da Mijinyawa wani ɗaki mai sanyi. Akwai jami'in bincike, da wani dattijo masanin makamai, da tafinta, wata Bakanuwa mai suna Mahfuza. Bindigar tana kan tebur, da wayarsa a cikin leda.

"Baba, sun ce ka ce taya ka nufa," in ji Mahfuza. "Suna so ka sake faɗa."

"Taya na nufa, 'yata. Ban taɓa kuskuren taku ɗari biyar ba. Ban san abin da ya faru ba. Kwana biyu ina lissafi, iska babu, hannuna bai motsa ba."

Ta fassara. Dattijon ya gyaɗa kai, ya jawo bindigar, ya nuna zoben. Ya yi magana mai tsawo, a hankali, kamar malami.

"Ya ce a kan nawa ka gwada ta?"

"Ashirin da huɗu."

"Ya ce a kan sha biyu suka same ta." Mahfuza ta saurara, ta ci gaba. "Ya ce madubi mai zobe iri biyu ne. Wanda sojoji suka fi riƙewa yanzu, in ka murɗa, ɗige-ɗigen suna girma suna ƙanƙancewa tare da hoton, lissafi ba ya tashi. Wannan ba shi ba ne. Na mafarauta ne, mai araha, kama kawai ya yi da na soja. Hoton yana canjawa, ɗigon yana nan inda yake. Lissafinsa daidai ne a ƙarshen zobe kaɗai. Da ka dawo rabi, ɗigo na uku ya zama na shida. Bakin bindigar ya ɗaga." Ta sake sauraron dattijon. "Ya ce daga taya zuwa ƙirjin direba, daidai tazarar ke nan."

Mijinyawa ya daɗe yana kallon zoben.

"Tambaye shi. Da ban taɓa ba fa?"

Ta tambaya. Amsar gajera ce.

"Da tayar ka samu."

Jami'in ya ce wani abu, alƙalami a hannunsa.

"Ya ce kai tsohon gwani ne. Me ya sa ka canja saiti ana saura daƙiƙa biyar?"

"Fuskarsa nake gani," in ji Mijinyawa. "Na kasa. Na ce bari in nisanta shi."

Mahfuza ta fassara. Jami'in ya rubuta. Ciwon da ya kama Mijinyawa a lokacin ya wuce na tsoron hukunci. Da mugunta ce ta kashe Nafiou, da ya san inda zai ajiye ta. Tausayinsa ne ya kashe shi, tausayin matsoraci, wanda ya iya harbi amma bai iya kallo ba.

Wayar da ke cikin leda ta haska, ta fara rawa a kan tebur. Jami'in ya duba, ya tura wa Mahfuza.

"Rahamatu, Maraɗi," ta karanta. "Wace ce?"

"Matar Nafiou ce."

"Tun shekaranjiya take kira. Ta bar saƙon murya, sun sa na saurara jiya." Ta dubi jami'in, ya ɗaga mata kai. "Baba, ba ta san komai ba tukuna. Kamfani sun ce mata ɓarayi ne kawai."

"Me ta ce?"

Mahfuza ta sunkuyar da kai.

"Ta ce a nan za a binne shi, ba su da halin kai shi gida. Ta ce kullum zancensa Saje, Saje, ba shi da kowa a Dubai sai kai. Tana roƙonka don Allah kar ka bari baƙi su taɓa shi. Kai za ka yi masa wanka."

Mijinyawa ya dubi hannuwansa da ke cikin ankwa. Har yanzu akwai baƙi-baƙi a ƙarƙashin faratansa, wanda sabulun gidan yari bai fitar ba.

"Me zan ce mata?" in ji Mahfuza.

Wayar ta yi shiru, sannan ta sake kamawa.